Zanen Da Aka Shafe Wa Jiragen Ruwa

Wani mai sauraronmu daga Damagaram yana tambaya: ta yaya mai zane zai sa jikin mutum ya yi sanyi da hoton da kusan babu komai a cikinsa?

To malam, bari mu leƙa Jamus. Tsakanin 1808 da 1810, Caspar David Friedrich ya zana wani malamin addinin Kirista yana tsaye a bakin teku. Ɗan tudun yashi, baƙin ruwa, sai sararin sama da ya cinye kusan duk allon, shi ke nan. Mutumin ɗan mitsitsi ne, ya kuma ba mu baya, saboda haka abin da yake kallo shi kake kallo. Ido ya yi ta neman bishiya ko gida da zai sauka a kai, bai samu ba. Daga nan kaɗaicin ke kama ka.

Da gangan ya yi kuwa. Binciken masu gyaran zane ya nuna da farko akwai jiragen ruwa a tekun, daga baya ya shafe su da fenti. Sarkin Prussia ya sayi zanen a 1810, yanzu yana gidan tarihi na Alte Nationalgalerie da ke Berlin.