Naira da Dalar Amurka, 1973 zuwa 2024: Tarihin Canji da Sawunsa a Harshen Hausa

1.0 Gabatarwa

Wannan muƙala ta bibiyi yadda darajar naira ta kasance a gaban dalar Amurka cikin shekara hamsin da ɗoriya. Ko da yake batun na masana tattalin arziki ne, manazarcin Hausa yana da ruwa da tsaki a ciki, domin duk adadin kuɗin da ya ci karo da shi a ƙagaggen labari ko tsohuwar jarida ba ya fassaruwa sai an san zamanin da aka ambace shi.

2.0 Daga Fam zuwa Naira

A ranar 1 ga Janairun 1973 Nijeriya ta bar fam da sule ta koma naira da kwabo, a kan naira biyu kowane fam. A wannan shekara dala ɗaya ba ta wuce kimanin kwabo 66 ba, kuma zuwa 1980 ta sauko kusan kwabo 55. Wannan ne zamanin da dattawa ke bege. Sai dai a ra'ayin mai wannan nazari, ƙarfin nan na aro ne. Babban Bankin Nijeriya ne ke yanke farashi, kuɗin man fetur ke tallafe da shi, sannan dalar ba kowa ke samunta ba sai mai lasisin shigo da kaya. Gyaɗa da auduga, waɗanda a da suke kawo wa Arewa kuɗin waje, sun riga sun ja baya, kuma naira mai tsada ta ƙara sa kayan ƙasar waje suka fi na gida araha.

Da farashin mai ya faɗi a 1986, gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta shigo da shirin gyaran tattalin arziki da aka fi sani da SAP, ta buɗe kasuwar gwanjon kuɗin waje a watan Satumba. Zuwa 1987 dala ta kai kimanin naira 4. A zamanin Janar Sani Abacha an daskarar da farashin hukuma a kan naira 22, alhali a hannun 'yan canji, irin na Wapa da ke Fagge a Kano, tana haura naira 80. Wanda ya sami dala a farashin hukuma ya sayar a kasuwa ya yi arziki ba tare da ya sana'anta komai ba. Wannan giɓi ya sake dawowa bayan 2015, lokacin da aka riƙe ta a naira 197, kafin a sassauta a Yunin 2016 ta kai wajen 305. A Yunin 2023 aka haɗe kasuwannin canji, kuma a farkon 2024 dala ta zarce naira 1,500.

3.0 Abin da Harshe Ya Adana

Bahaushe bai yar da tsohon lissafi ba. Har yau a kasuwa fam na nufin naira biyu, jaka kuwa naira 200, wato fam ɗari da ake ƙullawa a jaka guda. A 1980 jaka ɗaya ta kai kimanin dala 360. A canjin 2024 ba ta kai santi 15 ba. Kalmar tana nan yadda take, nauyinta ne ya zube. Don haka ɗalibin da ya karanta cewa an biya jaka biyu a wani rubutu na wancan lokaci, ya auna ta da idon yau, zai ɗauki attajiri a matsayin matalauci.

Ita kanta kalmar dala ta riga dalar Amurka zama a bakin Hausawa. A zamanin Turawa tana nufin sule biyu, a Jamhuriyar Nijar kuwa har gobe dala ɗaya tamma biyar ce ta sefa. Ya kamata masu aikin ƙamus su riƙa ɗora shekara da yanki a kan irin waɗannan kalmomi. A kuma lura cewa farashin canji ba shi ne ƙarfin saye ba, tunda ita ma dalar ta 1980 ta fi ta yau sayen kaya a can Amurka.