Kori ba kogi ba ne

Ƴaƴana, na san abin da kuke kallo a waya idan zafin bazara ya hana ku barci. Mutanen Amurka sun hura robar cikin tayar mota, sun kwanta a kai, kogi yana tafe da su sannu a hankali ƙarƙashin inuwar itatuwa. Duk wanda ya sha ranar watan Afrilu a Tawa zai yi sha'awar haka, kuma ban ga laifinku ba. Jiki yana da haƙƙin hutu.

Sai dai ƙasarmu ta Adar ba ta da irin wannan kogi. Mu kori gare mu. Wata tara yana kwance, yashi zalla, jakuna na ratsa shi, mata na haƙa gindinsa neman ruwa. Ranar da hadari ya zuba a kan duwatsun Kaita ko na Buza, ko ɗigo bai taɓa garinku ba, sai ku ji ƙugi daga nesa. Kafin mutum ya tattara takalmansa ruwa ya iso, ja wur da laka, ɗauke da ƙaya da kututture, wani sa'in har da akuya. Samansa na iya yin lumui kamar ba ya motsi, alhali ƙasansa yana cin gaɓa, yashin da ka taka yana zamewa daga ƙafarka. Irin wannan ruwa yakan kifar da mota da lodinta a mashigi, balle yaro a kan roba. Ruwa ba sa'an kwando ba ne. Idan kori ya kawo, ku tsaya a tudu ku yi kallo, ku riƙe hannun ƙannenku, don su ne masu saurin faɗawa.

In hutun kan ruwa kuke so, Allah bai hana mu ba. Ga tafkin Tabalak nan, kamar kilomita 50 daga Tawa a hanyar Agadas, wanda tun 2005 aka sa shi cikin dausayoyin da duniya ke kiyayewa a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, shi da na Dan Dutsi. Ku bari damina ta wuce. Da kaka ruwa ya kwanta, iska ta yi sanyi, tsuntsayen da ke gudun hunturun Turai sun fara sauka. Ku je da sassafe, ku yi sallama ga masunta, ku roƙi wani dattijo a cikinsu ya ɗauke ku a kwalekwalensa, ku biya shi haƙƙinsa ba tare da ja-in-ja ba. Ku zauna inda ya ce, kada kowa ya miƙe tsaye don ɗaukar hoto. Za ku ga yadda yake dafa gora a ƙasa yana tura jirgi ba ko fantsama, yadda yake gane zurfi da launin ruwa, yadda yake janyo taru da karfasa tana wutsil-wutsil a ciki. Ni a ganina wannan ya fi abin cikin waya daɗi, don za ku dawo da sanin da ba ku tafi da shi ba. In ya ce jirgi ya cika, ya cika.

Shawagi a kan ruwa ma ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Masuntan Argungu a kan ƙwaryar gora suke kifa ciki su ratsa kogin Matan Fada, amma tun suna ƙanana iyayensu suka koya musu, a ruwan da suka san kowane lungunsa.

Akwai kuma abin da ido ba ya gani. Ruwan da ya kwanta gidan katantanwa ne, daga jikinta tsutsar tsargiya ke fita ta shiga fatar mai wanka. Kada ku daɗe kuna jiƙa a bakin tafki inda ciyawa ta yi yawa. Wanda ya ga jini a fitsarinsa kada kunya ta sa ya ɓoye; ya je gidan likita, akwai magani, kuma yana warkarwa.

Kafin ku fita, ku gaya wa iyayenku inda za ku da lokacin dawowa, kuma wanda bai iya iyo ba ya faɗi gaskiya tun a gida. Allah ya kai ku lafiya, ya maido mana ku lafiya.