Darasi na Wannan Wata: Zama da Miji Mashayi

A karanta I Samu'ila sura 25 kafin a soma.

An san garin Aliero da abu biyu, watau albasa da ɗori. Daga nesa a kan ɗauko wanda ya karye a kawo shi wurin masu-ɗori na garin. Kowa kuwa ya sani, wanda ya ɓoye karayarsa don tsoron zafi, ƙashin ya kan kama a karkace, ko kuwa ƙafar ta ruɓe. Akwai wata irin karaya da a ke ɓoyewa cikin gidajen masu-bi, ita ce shaye-shayen maigida. Darasin nan domin matar da ta ke zama da mashayi ne, da ekklesiyar da ta ke zuwa sujada a ciki.

1. Don me a ke ɓoyewa?

Hana giya a ƙasar nan daɗaɗɗen abu ne. Bisa ga yarjejeniyar da Turawa suka yi a birnin Brussels a 1890, an hana sayar wa 'yan ƙasa barasar Turai a Arewa. A 1991 aka yanke Jihar Kebbi daga Jihar Sakkwato, a 2000 kuma jihar ta kafa shari'ar Musulunci, aka tsananta hana sayar da giya a fili. Doka ta rufe ƙofar shago, amma mai-ƙishin giya bai rasa hanya ba. Wani ya kan sha a ɗakin bayan gida. Wani sai ya yi tafiya. Wani kuwa ya kan sa 'yar leda ta barasa cikin aljihu, ya shanye ta a tsaye, ba wanda ya gani. Saboda ɓarnar irin ledojin nan ne hukumar NAFDAC ta yi shelar hana su a 2024.

A Jega da Aliero da Maiyama ekklesiyai ƙanana ne. Da yawa cikin masu-bi aiki ne ya kawo su: malaman makaranta, da ma'aikatan asibiti, da 'yan sanda, da 'yan kasuwa, waɗansu daga Zuru ko Yawuri, waɗansu daga nesa ƙwarai. Bari mu ɗauki misali. A ce an kawo wani malami aiki Maiyama, ya zo da iyalinsa. Albashi ya fito, kafin mako guda ya ƙare. Matar ba ta da uwa kusa, ba ta da wa. Tana tsoron maƙwabta su ce, ga halin Kirista. Tana tsoron dattawa su sa mijinta a horo, a karanta sunansa gaban jama'a. Tana tsoron ya rasa aiki. Saboda haka ta kan gaya wa shugabansa zazzaɓi ne ya kwantar da shi, ta sayar da akuyarta ta biya bashinsa, ran Lahadi ta ɗaura zane mai-kyau ta zauna a layin mata tana murmushi. Tana tsammani asirinsa ta ke rufewa. Amma kowace ƙarya da ta yi dominsa, da kowane bashi da ta biya, sauƙaƙa masa hanyar komawa shan ta ke yi, ba ta sani ba.

2. Wane irin abu ne wannan?

Mashayi yana da alhakin abin da ya ke yi, ba shakka. Duk da haka likitoci sun tabbatar, idan shan ya daɗe ya kan zama ciwo, gama jiki da ƙwaƙwalwa su kan saba da giya har su dogara gare ta. Ga alamunsa. Abin da ya kan bugar da shi dā, yanzu ba ya isarsa. Ya kan yi alkawari da hawaye, ya karya kafin mako. Da safe hannunsa yana rawa, sai ya kurɓa kāna ya natsu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2019 giya ta jawo mutuwar mutum miliyan 2 da dubu 600, miliyan 2 daga cikinsu maza ne, mutum miliyan 209 kuwa suna cikin wannan kamu. 'Yar'uwa, ba gidanki kaɗai ba ne.

Giya ta kan cinye hanta har ta ƙandare, ciki ya kumbura, ido ya yi rawaya. Ta kan kawo hawan jini, ta rage ƙarfin namiji, ta jefa mai-babur cikin hatsari. Barasar da a ke dafawa a ɓoye ta fi muni. A 2015 mutane da dama sun mutu a jihohin Ondo da Ribas bayan sun sha ogogoro mai-dafi.

Ga abu biyu da ya kamata kowace matar mashayi ta riƙe. Na fari, ba ke kika sa shi sha ba, ko da ya ce miyarki ce, ko bakinki, ko rashin ɗa namiji. Na biyu, ba ki da ikon raba shi da giya da ƙarfinki. Zubar da kwalba, da gori, da kuka, da zuba masa magani a abinci a ɓoye, an gwada su duka a gidaje ba iyaka, ba su yi ba. Sai shi da kansa ya yarda ya nemi taimako.

A lura kuma da wannan, gama zancen rai ne. Wanda ya shekara da shekaru yana sha da yawa kullum, idan ya bari farat ɗaya, jikinsa ya kan ɗauki rawa da zufa. Cikin kwana biyu ko uku waɗansu su kan faɗi kamar masu-farfaɗiya, su riƙa ganin abin da babu. Wannan yana iya kashe mutum. Ba aljanu ba ne, ba kuwa sammu ba. Kada a ɗaure shi, kada a kulle shi a ɗaki da sunan azumi. A yi masa addu'a, a kuma kai shi asibiti nan da nan. Akwai manyan asibitoci a Birnin Kebbi, akwai kuma Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya a Kware, kusa da Sakkwato. Zuwa can ba ya nuna mutum ya haukace.

3. Abin da Abigail ta yi

Nabal attajiri ne, yana da tumaki 3,000 da awaki 1,000, amma mai-taurin kai ne. Ya zagi manzannin Dauda, har Dauda ya taso da mutum 400 don ya hallaka gidan. Litafi bai ce Nabal yana sha kullum ba, amma ya nuna mana shi a buge ƙwarai a daren da ran iyalinsa ke hannun takobi. Mu dubi matarsa.

Ta saurari gaskiya. Da bara ya zo ya gaya mata abin da maigida ya yi, ba ta kore shi ba, ba ta ce ƙarya ya ke yi wa mijinta ba. Haka nan a gaban Dauda ba ta gyara halin Nabal da ƙarya ba. Ke ma ki zaɓi mutum ɗaya ko biyu masu-riƙon asiri, ko matar pasto, ko wata dattijuwa cikin zumuntar mata, ko wan mijinki, ki gaya musu yadda abin ya ke. Wannan ba tonon asiri ba ne. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ta ceci gidan. Ba ta jira Nabal ya farka ba, ta ɗora abinci bisa jakuna ta tafi. Aikinki na fari shi ne abincin yara da kuɗin makarantarsu. Idan kina da sana'a, ko ƙosai ne ko ɗinki, ki ajiye ribar inda hannunsa ba ya kai. Idan ya yarda a gaban dattawa, a cire kuɗin hatsi da na haya ranar da albashi ya fito, ko ranar da aka sayar da albasa, tun kuɗin bai kwana a aljihunsa ba. Bashin giya kuwa, ki bar shi ya biya da kansa.

Ta zaɓi lokacin magana. Da ta dawo ta iske shi a buge, ba ta ce masa kome ba sai da gari ya waye, giya ta sake shi. Gardama da bugagge zuba ruwa ne cikin rariya, sau da yawa kuma a nan duka ya ke farawa. Ki bari sai da safe, ba a gaban yara ba. Ki faɗi abin da ya faru daidai, ba zagi: “Maigida, jiya ka faɗi a bakin ƙofa, yara suna kallo. An koro babban daga makaranta don kuɗi. Ina ƙaunarka, amma ba zan ƙara yin ƙarya dominka ba. Mu je mu ga likita.” Abin da kika ce za ki yi, ki yi shi. Kada ki yi barazana da abin da ba za ki aikata ba.

Ta bar hukunci ga Allah. Ba ta rama ba, ta kuma hana Dauda zub da jini. Nabal ya mutu bayan kwana goma, amma kada wata ta karanta labarin ta riƙa fatan mutuwar mijinta. Abin da mu ke roƙo shi ne ya rayu, ya tuba, ya warke.

4. In akwai duka fa?

An saba gaya wa mata su yi haƙuri, haƙuri kuwa abu ne mai-kyau. Amma alkawarin aure bai ba kowa izinin karya haƙarƙarin matarsa ba, dokar ƙasa ma ta hana. Idan ya kan ɗaga hannu in ya sha, ki san tun yau gidan da za ki kwana da yara, ki ajiye kuɗin mota da takardunsu a can. Fita don tsira da rai ba kashe aure ba ne. Dattijon da ya mai da mace cikin gidan da a ke dukanta, ba tare da ya ga tuba a aikace ba, yana da alhakinta a wuyansa. Yara kuma a gaya musu gaskiya daidai shekarunsu: babansu yana da ciwo, ba laifinsu ba ne. Kada a aike su sayen giya.

5. Aikin ekklesiya

A Amurka, a 1935, waɗansu mashaya biyu suka soma taimakon juna su bar giya, ƙungiyar Alcoholics Anonymous ta tashi daga nan. Matar ɗayansu, Lois Wilson, ta gane ita ma shekarun nan sun raunata ta. A 1951 ita da wata abokiyarta suka kafa Al-Anon domin iyalan mashaya, inda su ke taruwa su faɗi damuwarsu, ba mai-kai maganar waje. Ekklesiya mai mutum talatin ma tana iya yin haka. Mata uku su haɗu ran Laraba, su yi addu'a, su riƙe bakinsu. Maza biyu su riƙa ziyartar ɗan'uwan, musamman ƙarshen wata, su raka shi asibiti. Idan an yi horo, a yi shi don a komo da mutum, kada a haɗa da matarsa da 'ya'yansa. Idan ya bari wata shida ya sake faɗuwa, a ɗaga shi a sake farawa, gama masu-barin giya da yawa sai da suka faɗi sau da dama kāna suka tsaya.

Wani gida kuwa matar ce ta ke sha, tun ba inda a ke dafa burkutu ba. Duk abin da muka faɗa ya shafi mijinta. A ƙara da wannan: giyar da mai-ciki ta sha tana kai wa ɗan da ke cikinta, tana iya lalata ƙwaƙwalwarsa har iyakar ransa.

Tambayoyi domin aji

1. Waɗanne abubuwa ne mace ta kan yi da nufin taimako, amma su ƙara wa mashayi hanya?
2. Don me Abigail ta jira sai da safe?
3. Me za a yi idan mashayi ya bar sha, jikinsa ya kama rawa?
4. Idan 'yar'uwa ta buga ƙofarku da tsakar dare da yaranta, gidan wa ekklesiyarku ta shirya mata?