Dokokin Zaɓen 'Yan Majalisun Tarayya da na Jiha: Misali daga Ƙasar Daura

Gabatarwa

Zaɓe hanya ce da al'umma kan bi domin fitar da waɗanda za su wakilce ta wajen yin doka. Amma zaɓe ba ya inganta sai an gudanar da shi bisa ƙa'ida. Wannan darasi zai duba dokokin da suka tsara zaɓen 'yan Majalisar Tarayya da na Majalisar Dokokin Jiha, tare da misalai daga ƙasar Daura, domin ɗalibi mai koyon aikin malanta ya fahimci cewa doka ce ke ba kujerar wakilci halacci, ba ƙarfi ko gado ba.

Tushen Dokokin

Dokokin zaɓe a Nijeriya tushe uku gare su. Na farko shi ne Kundin Tsarin Mulki na 1999, wanda ke gaba da kowace doka. Na biyu shi ne Dokar Zaɓe, wadda Majalisar Tarayya kan yi, ta kuma sabunta lokaci-lokaci, kamar yadda aka yi a 2002 da 2006 da 2010 da 2022. Na uku shi ne ƙa'idojin da Hukumar Zaɓe Mai Zaman Kanta ta Ƙasa, wato INEC, kan fitar. Wannan hukuma ce ke shirya zaɓen majalisun biyu. Zaɓen ƙananan hukumomi kuwa aikin hukumar zaɓe ta jiha ne.

Rabon Mazaɓu

Majalisar Tarayya ta ƙunshi Majalisar Dattawa mai kujeru 109 da Majalisar Wakilai mai kujeru 360. Kowace jiha tana da sanatoci uku, Abuja kuma ɗaya. Majalisar jiha ba ta gaza kujeru 24, ba ta kuma wuce 40. Jihar Katsina tana da kujeru 15 a Majalisar Wakilai da 34 a majalisarta.

Masarautar Daura ƙananan hukumomi biyar ce: Daura da Ɓaure da Mai'aduwa da Sandamu da Zango. A Majalisar Wakilai an raba su mazaɓu biyu, wato Daura/Sandamu/Mai'aduwa da Ɓaure/Zango. A Majalisar Dattawa kuwa suna cikin mazaɓar Katsina ta Arewa, wadda jama'a kan kira shiyyar Daura, mai ƙananan hukumomi 12. Bakwai daga ciki, irin su Mani da Mashi da Kankiya, suna ƙarƙashin masarautar Katsina ne. Ke nan iyakar mazaɓa daban take da iyakar masarauta.

Sharuɗɗan Tsayawa Takara

Wajibi ne ɗan takara ya kasance ɗan Nijeriya, mai ilimin da ya kai matakin sakandare ko makamancinsa, kuma wata jam'iyya ta tsayar da shi. Mai neman kujerar sanata sai ya cika shekara 35. Majalisar Wakilai da ta jiha kuwa shekara 25 ce, bayan gyaran da Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan asalin Daura, ya sa wa hannu a 2018. Kafin nan shekara 30 ce. Wani sharaɗi da ya shafi malamai kai tsaye shi ne, ma'aikacin gwamnati dole ya ajiye aikinsa aƙalla kwana 30 kafin ranar zaɓe. Malamin da ya yi sakaci da wannan yana iya cin zaɓe, kotu ta ƙwace kujerar.

Yadda Ake Gudanar da Zaɓe

Duk ɗan ƙasa da ya cika shekara 18, ya kuma yi rajista, yana da ikon jefa ƙuri'a. Zaɓen 2023 an yi shi ne a ƙarƙashin Dokar Zaɓe ta 2022: na Majalisar Tarayya ranar 25 ga Fabrairu, na majalisun jihohi ranar 18 ga Maris. Dokar ta wajabta wa jam'iyyu miƙa sunayen 'yan takara kwana 180 kafin zaɓe, a kuma daina yaƙin neman zaɓe awa 24 kafin ranar. An tantance masu zaɓe da na'urar BVAS, kuma rumfar da ƙuri'unta suka zarce yawan waɗanda aka tantance, soke sakamakonta ake yi. A zaɓen 'yan majalisa, wanda ya fi yawan ƙuri'u shi ya yi nasara. Ba a neman kashi ɗaya bisa huɗu a yankuna kamar yadda ake yi wa gwamna da shugaban ƙasa.

Cike Gurbi da Kiranye

Wa'adin ɗan majalisa shekara huɗu ne. Idan kujera ta zama babu kowa a kanta kafin cikar wa'adi, ba a naɗa magaji, zaɓe ake sakewa. Misali, da Sanata Mustapha Bukar na Katsina ta Arewa ya rasu a Afrilun 2018, an yi zaɓen cike gurbi a watan Agusta na shekarar, inda Ahmad Babba Kaita ya yi nasara. Haka nan, jama'ar mazaɓa suna da ikon yi wa wakilinsu kiranye, muddin fiye da rabin masu rajista suka sa hannu a takardar koke, sannan ƙuri'ar raba-gardama ta tabbatar da hakan.

Shari'ar Zaɓe

Wanda bai gamsu da sakamako ba, yana da kwana 21 daga ranar sanarwa ya shigar da ƙara a kotun sauraron ƙararrakin zaɓe. Kotun za ta yanke hukunci cikin kwana 180, ɗaukaka ƙara kuma cikin kwana 60. A shari'ar 'yan majalisa, Kotun Ɗaukaka Ƙara ce magana ta ƙarshe. Wanda ya bari wa'adin ya wuce, ko da gaskiya gare shi, ya yi asarar haƙƙinsa.

Kammalawa

A karkara, malami shi ne wanda akan tuntuɓa idan magana ta shige duhu, kuma yaran da ke gabansa su ne masu zaɓen gobe. Idan ya san doka, zai iya wayar da kansu cewa ƙuri'a amana ce, kuma kotu ce wurin neman haƙƙi, ba tashin hankali ba. Ya kamata kuma ya riƙa bibiyar gyare-gyaren Dokar Zaɓe, domin ba ta daɗewa ba a taɓa ta ba.

Auna Fahimta

1. Kawo tushe uku na dokokin zaɓe a Nijeriya.
2. Bambanta masarautar Daura da mazaɓar Katsina ta Arewa.
3. Wane sharaɗi ne ya hau kan malamin gwamnati mai son tsayawa takara?