DARASI A KAN MUTUMIN DA KE JIN MURYA ALHALI YANA FARKE



Ya kai ɗan'uwa matashi, wannan mas'ala ce wadda samari da yawa ke ɓoye ta a zuci saboda tsoron kada a ce sun haukace. Mutum yana zaune da rana tsaka, idonsa biyu, ko a gona ko a bakin shago, sai ya ji an kira sunansa. Ya waiga, babu kowa. Wani zaginsa ake yi, wani kuma muryoyi biyu yake ji suna hira a kansa. Idan kai ne, ko ƙaninka, ko abokinka na sahu ɗaya a masallaci, to ka natsu ka karanta.

Ka fara sanin cewa mai jin muryar nan ba ƙarya yake yi ba. Yana jin ta haƙiƙa kamar yadda kake jin kiran salla. Likitoci sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar irin waɗannan mutane a lokacin da muryar ke zuwa musu, suka ga sashen ji da na magana suna aiki alhali babu mai magana a ɗakin. Bayanin da masana da yawa suka rinjayar shi ne: kowannenmu yana zancen zuci, kuma ƙwaƙwalwa tana shaida cewa zancen nata ne. Idan ta galabaita, sai shaidar nan ta kuɓuce mata, mutum ya ji zancen zucinsa kamar daga waje ya fito. Shi ya sa sau da yawa muryar ba ta faɗin komai sai abin da mutum ya fi tsoro ko ya fi jin kunya.

To, me ke galabaitar da ita? Dubi halin da saurayi ke ciki a ƙasar Gwarzo da Kabo. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota da na taki da na abinci suka tashi. Wani ya ci bashin taki ya yi noma, amfanin gona bai biya ba, mai kuɗi kullum yana ƙofar gida. Wani yana acaɓa a Legas, da gwamnatin can ta hana sana'ar a wasu ƙananan hukumomi a watan Yuni na 2022 sai ya dawo Getso ko Garo hannu rabbana, ga an sa masa ranar aure. Wani uba ya rasu ya bar masa ƙanne bakwai. Irin wannan mutum zai kwanta, amma barci ba zai zo ba; dare ɗaya, biyu, mako guda. Damuwa tana hana barci, rashin barci yana ƙara damuwa, kuma an tabbatar cewa ko lafiyayyen mutum idan aka hana shi barci kwanaki a jere zai fara ji da ganin abin da babu.

Rashi ma yana kawo haka. A shekarar 1971 wani likita mai suna Dewi Rees a ƙasar Birtaniya ya tambayi mutum 293 waɗanda mazansu ko matansu suka mutu, kusan rabinsu suka ce sun taɓa jin kamar mamacin yana tare da su, wasu har muryarsa suka ji. Ba mahaukata ba ne, baƙin ciki ne. Saboda haka idan ka ji muryar mahaifiyarka bayan an kai ta makwancinta, kada wani ya ruɗe ka cewa fatalwa ce ta dawo. Matattu ba su dawowa. Ka yi mata addu'a. Haka nan wanda ya ji an kira shi daidai lokacin da barci ke ɗaukarsa ko yana farkawa, wannan abu ne da ke samun mutane da yawa, ba ciwo ba ne.

Amma akwai abin da ba za mu rufa maka asiri a kansa ba, wato shaye-shaye. Saurayi ya ga damuwa ta yi masa yawa, sai abokan banza su ce ga wiwi, ga taramol, ga kodin, wai zai manta. Wallahi wannan zuba fetur ne a wuta. Wiwi musamman tana cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo jin muryoyi da zargin mutane, balle ga wanda ya fara ta da ƙuruciya yana sha kullum. Ba banza gwamnati ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi a watan Mayu na 2018 ba. Idan kana taɓawa, ka gaya wa likita gaskiya; ɓoye masa kanka ka cuta.

Sai kuma ku masu himmar ibada, ku saurara da kyau. Akwai saurayin da zai shiga karatu da zafi, ya raya dare duka, ya wuni da azumi, ya daina cin abin kirki, har ya fara jin ana ce masa shi zaɓaɓɓe ne, an ba shi wani saƙo ga jama'a. Ya ɗan'uwa, wahayi ya yanke da wafatin Manzon Allah (S.A.W.). Babu wata murya da za ta zo maka da hukunci, ko ta halatta maka haram, ko ta ɗauke maka salla. Kuma ka tuna Annabi da kansa ya hana sahabinsa Abdullahi ɗan Amru ɗan Asi tsayuwar dare duka da azumin kullum, ya nuna masa cewa jikinsa da idonsa da iyalinsa suna da haƙƙi a kansa. Kai ka fi Abdullahi son Allah ne? Wanda kuma muryar ke jefa masa munanan kalamai game da addini har yana kuka yana cewa ya kafirta, ya kwantar da hankalinsa: abin da ya zo maka ba da zaɓinka ba, kana ƙinsa, ba a rubuta maka shi zunubi.

Mu ba mu musun aljanu, Alƙur'ani ya tabbatar da su. Abin da muke musu shi ne kasuwar da aka kafa da sunansu. Da yaro ya ce yana jin murya, sai a ce iskoki ne ko sammu, a kwashe shi zuwa wurin boka ko 'yan bori ko malamin tsibbu. A ce a kawo baƙin bunsuru, a yi turare, a binne laya. Mafi muni, boka ya ce kishiyar uwarsa ce ta yi masa, gida ya kama da wuta, zumunci ya yanke. An yi hasarar imani, an yi hasarar dukiya, yaro kuma yana nan yadda yake. Wasu kuma mari ake sa musu ana duka wai aljani ake duka. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa ta Kaduna suka fito da ɗaruruwan mutane, da yawa da sarƙa a ƙafa, a watan Oktoba aka sake samun irinsa a Daura. Wane aljani ne sarƙa ta taɓa fitarwa? Naman ɗan mutane ne kawai ke tsagewa.

Ka yi azkar ɗinka na safe da yamma, ka karanta Alƙur'ani, ka yi ruƙya ta shari'a da bakinka ba tare da ka biya kowa ba. Sa'an nan ka tafi asibiti, domin Annabi ya yi umurni da neman magani, kuma ɗayan ba ya kore ɗayan. Kafin nan ka sami mutum ɗaya mai riƙon asiri, mahaifinka ko yayanka ko limaminku, ka gaya masa abin da kake ji da abin da ke cin ranka, ko bashi ne ko aure ne. Ka rage shayi mai kauri da goro da dare, ka ajiye waya, ka kwanta bayan isha'i. Wasu da barcinsu ya daidaita, nauyin ya ragu, muryar takan tafi da kanta.

Wasu kuwa ba za a jira ba. Idan muryar tana umurtarka ka cuci kanka ko wani, a tafi asibiti a ranar, kuma kada a bar mutum shi kaɗai. Idan ta zo tare da zazzaɓi mai zafi da ruɗewa ko jijjiga, wannan yana iya zama cizon sauro da ya hau kai ko sanƙarau, shi ma a ranar. Idan kuma an yi makonni yaro ya daina wanka, ya ƙaurace wa mutane, yana cewa ana bin sa ko an sa masa guba a tuwo, to wataƙila ciwon nan ne da likitoci ke kira sikizofireniya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana samun kusan mutum 1 cikin 300, kuma ya fi farawa daga ƙarshen shekarun balaga zuwa ashirin da wani abu, maza kuma ya fi saurin kama su da wuri. Shekarunka ke nan. Yana da magani, kuma gwargwadon saurin farawa gwargwadon kyan sakamako.

A fara da Babban Asibitin Gwarzo ko asibitin da ya fi kusa, a duba jini da zazzaɓi. Idan abin na ƙwaƙwalwa ne za a tura ku Kano, ko asibitin Dawanau ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. A tafi da wanda ya san yadda abin ya faro, domin likita zai tambayi yaushe barci ya ɗauke da abin da aka sha. Maganin yakan ɗauki makonni kafin a ga cikakken aikinsa. Idan ya kawo sandarewar wuya ko dalalar miyau ko yawan barci, a koma a faɗa, za a rage ko a sauya. Kada a yanke shi don an ga sauƙi, ko don wani ya ce ai ya warke; likitan da ya rubuta shi ne zai faɗi ranar dainawa.