Darasi Na Tara: Kada A Yi Feshi Kan Fure

Kowa ya san zuma. Muna sha, muna magani da ita, ga kuma Suratun Nahli a Alƙur'ani. Wannan ba sai an koya muku ba. Darasin yau abu ɗaya ne: kada a yi feshi kan fure da rana.

Wani mai lambu a Oko-Oba, nan Agege, ya dawo gida da yamma, kwando ko rabi bai kai ba.

Uwargida ta ce, "Malam, ina kokwambar da aka yi ta cika mana baki a kanta?"

"Fure ya yi kyau, sai ya kakkaɓe. Anya ba sammu ba ne?"

"Sammun wa? Ba kai ne kullum da hantsi kake goye da injin feshi ba? Yaron nan da ya kai maka abinci ya ce ƙudan zuma ya gani birjik a ƙasa, matattu."

"To, ai ni tsutsa nake kashewa."

"Maganin ya san tsutsa ne?"

Malam ya jawo kwanon tuwo, bai ce uffan ba.

Gaskiyarta. Ƙudan zuma ne ke kai garin fure daga wannan fure zuwa wancan. In babu shi, kokwamba da kabewa da kankana ba sa 'ya'yan kirki. Cikin waɗanda feshi ya taɓa, wani ya mutu nan take, wani ya ruɗe ya kasa gane hanyar amya. Wanda ya isa gida kuwa, guba ya kai wa ƙanana. Saboda haka ne a 2018 Tarayyar Turai ta hana amfani da wasu magungunan ƙwari uku a gonaki.

In feshi ya zama dole, a bari sai magariba, ƙudan zuma ya koma amya. A bi awon da ke jikin kwalba. Amma da rana, kan fure, a'a!

Ku kuma masu shayi da masu rake da ke watsa wa ƙudan zuma fiya-fiya ko Sniper kusa da abincin mutane, haba! Rufe gwangwanin sukari ne ya gagara? Tun 2019 Hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben Sniper a kasuwa.

Ku gaya wa maƙwabcin lambu, ko zai ji haushi: kada a yi feshi kan fure da rana.

Tambayoyi
1. Me ya kakkaɓe furen Malam?
2. Yaushe ya kamata a yi feshi?