Ruwan "Nano" a Cikin Baƙin Mai: A Zuba ko Kada a Zuba?

Masu mota da 'yan acaɓa na yawan tambayata game da ƙananan kwalaben nan masu tambarin "nano" da ake tsiyayawa cikin baƙin mai: da gaske suna hana injin cinyewa?

Ilimin da aka gina su a kai gaskiya ne. Ƙarfen da ido ke gani sumul, in aka duba shi da madubin ƙara girma, duk tudu da kwari ne. Idan injin na gudu, mai yakan shiga tsakanin fistin da silinda ya raba su. Amma da sassafe, an murza makulli mai bai kai ga hawa sama ba, tudun nan ke cizon juna, kuma a nan ne ƙarfe ya fi ciwuwa. Ƙwayoyin nano, da girmansu bai wuce nanomita 100 ba (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita), suna iya kutsawa wannan matsi. Wasu su cike kwarin, wasu su mirgina, wasu su manne su zama siririn rufi. Sinadarin molibdenom disalfaid, alal misali, hawa-hawa yake kamar katin karta, kowanne na zamewa a kan ɗan'uwansa, gogayya ta ragu.

Inda gizo ke saƙar shi ne ƙwayoyin na son dunƙulewa. In ba a haɗa su da sinadarin da zai riƙe su a warwatse ba, sai su kwanta a gindin injin ko su toshe filta. In suka yi yawa, masu taurin cikinsu su koma kankare ƙarfen da aka ce su kare. Ga shi kuma mai nagari ya riga ya zo da nasa sinadaran kariya, an auna su daidai, baƙon abu na iya ɓata ma'aunin.

Ɗan acaɓa, kai na fi tausaya wa. Yawancin babura kulocinsu a cikin man injin yake, kuma da gogayya yake kamawa. Ka ƙara masa santsi, ya fara zamewa: ka ja totur injin ya yi ta ihu, babur ba ya gaba. Nemi mai mai alamar JASO MA, kada ka ƙara masa komai.

Mai mota kuwa, bi abin da littafin motarka ya ce, ka riƙa juye mai da canja filta a kan kari, musamman filtar iska lokacin hunturu da ƙura ta yi yawa. Injin da ya riga ya fara hayaƙi da shan mai, galibi ringi yake nema. Kai shi wurin bakanike ya buɗe.